Shekarar da Na Yi wa Lambobi Shinge

Bashir da Nafisa, wannan babin naku ne ku biyu. Na sha jin maganar da kuke yi tun kuna tasowa har kuka yi naku iyalin, cewa mahaifinku ya fifita littafi a kanku, ya tura ku Zariya don ku daina damunsa. Ban taɓa ba ku amsa ba. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, bari in rubuta yadda abin ya faru, ku karanta sanda kuka ga dama.

Ni haifaffiyar Anacha ce, kun sani. Mahaifina ya zo daga Kano da buhunan wake tun yana saurayi, ya kafa rumfa a kasuwar Ochanja, a nan ya tsufa. Da ya rasu rumfar ta dawo hannuna ni da Yaya Sani, kawunku. Mahaifinku kuwa, Malam Sabi'u, daga Zariya ya zo koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta. Mutum ne mai sanyin magana, amma abu ɗaya yana tayar masa da hankali. Yakan ce yaron unguwarmu zai tsaya gaban tirelar albasa a Head Bridge, bakin babbar gada, ya faɗa maka buhu nawa ke ciki da ka, amma a sa shi a aji sai ya zama kurma, don kawai lissafin ya zo masa da Turanci. Shi ya sa ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta littafin lissafi da Hausa. Shekaru ya yi a kansa, kullum bayan la'asar, a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Saura babi ɗaya ya gama, babin abin da suke kira matiriks. Shi garken lambobi yake ce masa, saboda lambobi ne a jere, wasu a kwance wasu a tsaye, an yi musu shinge dama da hagu. In kuma layi ɗaya ne tak, lamba bisa lamba, sai ya ce ɗan tsaye.

Rabin babin nan ya rubuta sai ciwon ya same shi. Da safe ne, cikin damina, ya sunkuya zai ɗauki buta, butar ta kuɓuce, shi ma ya bi ta. Muka yi makonni a asibiti a Inugu. Da muka dawo gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da yake rubutu da shi yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, maganarsa kuma ta tsaya a kalma uku: to, a'a, Allah. Kai Bashir kana da shekara goma sha ɗaya, kana iya tunawa. Ke Nafisa shekararki biyar, kina hawa jikinsa kina ja masa leɓe wai ya yi miki magana.

Abin da ba ku gani ba shi ne ya daina cin abinci. In na kawo kunu sai ya juya kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, limamin unguwa ya zo ya yi nasiha, duk a banza. Ran nan ina share ɗaki na ɗaga tarin takardun littafin zan sa su a akwati kada ɗigar kwano ta jiƙa su, sai na ji ya buga tabarma da hannun hagu. Ya nuna takardun, ya nuna ƙofa. Na daɗe ina tambayarsa kafin in gane so yake a kai a buga su.

“Malam, in na kai za ka sha kunun nan?”

“To,” ya ce. Ya sha rabin kofi.

Akwai wata yarinya Ngozi mai shagon buga takardu a bayan kasuwa. Na kai mata. Shafukan farko-farko ba su ba ta wuya sosai ba, in ban da haruffanmu masu lanƙwasa da sai da ta nemo su. Amma da ta kai babin ƙarshe sai ta aiko a kira ni.

“Madam, dis one no be typing o, na drawing,” ta ce, wato wannan ba bugu ba ne, zane ne.

Ta nuna mini. In ta danna alamar shingen da ke jikin maɓallan kwamfuta, gajere yake fitowa, tsayin layi ɗaya. Lambobi uku na tsaye kuwa sai su zarce shi sama da ƙasa, kamar ƙato ya sa rigar yaro. Da ta gaji sai ta kwantar da lambobin a layi ɗaya, ta sa waƙafi tsakaninsu. Ni ban ga laifin haka ba, lamba lamba ce. Na kawo wa Malam shafin ina murna. Ya duba, ya sake dubawa. Ya duƙunƙune takardar da hannu ɗaya, hawaye yana bin ɓarin fuskarsa da ya mutu. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Ya koma ƙin abinci.

Cikin wannan hali Yaya Rabi ta zo daga Zariya, yayarsa, wadda kuke kira Gwaggo a lokacin. Ta kwana biyu tana kallon yadda nake: in ɗaga shi, in wanke shi, in shirya ku makaranta, in hau okada, wato acaɓa, zuwa kasuwa, in dawo da azahar in same shi ya jiƙe, in koma. Ta zaunar da ni a tsakar gida.

“Hajara, wannan ba rayuwa ba ce. Ki tattara ku taho gida gaba ɗaya. Akwai ɗaki, akwai masu taimaka miki da shi. Takardun nan a bar su, ai ba da su za a tashe shi ranar ƙiyama ba.”

Malam yana jinmu daga ɗaki. Ya ce a'a da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Ya yi ta maimaitawa har muryarsa ta dushe.

“To in ba zai tafi ba, ki ba ni yaran,” in ji Yaya Rabi. “Zangon karatu ɗaya. Kafin nan ko ya samu sauƙi ko ya haƙura.”

Ku lura da kyau a nan. Mahaifinku bai ce a tafi da ku ba. Tafiyarsa ya ƙi, ba zamanku ba. Ni aka tambaya, ni na amsa. Na ga in na ɗauke shi daga takardun nan zai mutu kafin mota ta haye Lakwaja, in kuma na riƙe ku duka ni zan faɗi, babu mai ɗaga kowa. Ranar da za ku tafi, da aka kawo ki ki yi masa sallama, Nafisa, ya kama gefen rigarki da hannun hagu ya ƙi saki. Yaya Rabi ce ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Allah, Allah. Ba na jin kina tuna wannan, kuma na san ba wanda ya taɓa faɗa miki.

Bayan tafiyarku na bar wa Yaya Sani rumfa, na sayo kwamfuta ta hannu da ƙaramin injin buga takarda, na ajiye su a kan teburin da kuke karatu. Yaya Sani bai ji daɗi ba.

“Ke da ko wasiƙa ba ki taɓa bugawa ba? Hajara, mijinki ne ba shi da lafiya ko ke?”

Na ci gaba da abin da na sa gaba. Ngozi ta tambayo wani da ya san aikin, ta riƙa zuwa ranar Lahadi in ta taso daga coci tana koya mini. Ashe shingen ba a maɓallai ake samunsa ba. Akwai wani wuri na musamman da ake buɗewa don lissafi. Sai ka fara ɗauko shingen tukuna, fanko, da ɗan gurbi a tsakiya. Cikin gurbin za ka saka ragar da lambobi za su zauna, layi nawa kwance, layi nawa tsaye. Da ka saka sai shingen ya miƙe da kansa, ya rufe su tun daga sama har ƙasa. In ka fara da lambobin ka bi su da shinge daga baya, ya lalace. Na yi makonni ina fama da abin nan kafin ya bi ni. Ranar da na fitar da ɗan tsaye na farko, lamba uku bisa juna, shinge dogo dama da hagu, na kai masa takardar tana da ɗumi. Ya ɗora ta a cinya ya shafa da yatsa daga sama zuwa ƙasa.

“To,” ya ce. A ranar har tuwo ya ci.

Daga nan rayuwarmu ta koma kan shafukan nan. In an kawo wuta da hantsi sai in bar wanki a ruwa in zauna. Shingen iri uku ne: akwai mai kusurwa, akwai mai lanƙwasa kamar baka, akwai sanda miƙaƙƙiya. Ni duk ɗaya suke a idona, amma in na sa mai kusurwa inda sanda ta kamata sai ya buga tabarma. Alamar ragewa ma fitina ce, in ta shiga gaban lamba sai ta ture ta gefe, layin tsaye ya karkace, sai na bi na daidaita. Ban san ma'anar ko ɗaya daga cikin abin da nake bugawa ba. Amma na iya shi, har Ngozi ta fara aiko mini da aikin ɗalibai ina ƙi.

Da rubutunsa na da ya ƙare, saura misalan ƙarshen babin, sai ya nuna ƙaramin allon da kai Bashir ka bari. Ya riƙa rubuta lambobi da alli da hannun hagu, a karkace, lamba ɗaya sai ta ci masa lokacin dafa shayi. In kwafa, in buga, in yi musu shinge, in kawo masa, ya ce to. Haka zangon karatu ya wuce. Yaya Rabi ta ce tunda kun saba da makaranta a bar ku ku ƙarasa shekara. Na yarda, don ina ganin saura kaɗan. Sallah ta zo ban je ba, ba wanda zan bar masa shi. Ina kiran wayar Yaya Rabi ranar Juma'a. Da farko ke Nafisa kina kuka kina cewa in zo in ɗauke ki. Daga baya kika daina kuka. Daga baya sai a miƙa miki waya ki ce kina wasa.

Akwai Mista Obinna, abokin aikinsa a makaranta, shi ma malamin lissafi. Ya zo dubiya wata Asabar da ledar lemo. Malam ya nuna masa shafukan da alfahari. Mista Obinna bai iya Hausa ba, amma lamba ba ta da yare. Ya yaba aikin, ya ce ko a Legas iyakar abin da za a yi ke nan. Yana juya shafi yana murmushi har ya kai misalan ƙarshe. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba. Da zai tafi ya ce in raka shi bakin titi. A can ya yi mini magana da Ibo, a hankali.

“Maman Bashir, waɗannan na ƙarshen, shi ya ba ki lambobin?”

“Shi ya ba ni. Na yi kuskure wajen kwafa ne?”

“Ba kuskurenki ba ne. Tambayoyin daidai suke. Amsoshin ne... babu ɗaya da ya fita. Ba irin kuskuren gajiya ba ne. Lambobi ne kawai aka zuba.”

Na tsaya keke yana wucewa, okada na yi mini hon, ban motsa ba. Watanni na yi ina miƙe shinge a kan abin da ba komai ba ne. Ciwon da ya cinye masa hannu da harshe ashe ya cinye lissafin ma, ya bar masa siffar abin kawai: ya san yadda shafi ya kamata ya kasance, ya san sanda daga kusurwa, amma abin da ke ciki ya tafi. Shi kansa bai sani ba.

Mista Obinna ya ce zai gyara amsoshin a ɓoye, in sake bugawa, ba sai Malam ya ji ba. Na ga hakan ya fi. Ya gyara ya kawo, na sake bugawa, na haɗa su cikin sauran na miƙa masa kamar kullum. Ban yi tunanin zai lura ba. Amma allon yana gefensa, misali na ƙarshe bai goge ba. Ya dubi allo, ya dubi takarda.

“A'a.”

“Malam, wataƙila ni na...”

“A'a!”

Ya jawo hannuna na dama ya ɗora yatsana a kan garke na biyu. Na gane abin da yake so, don na sha ganinsa yana koya wa yara a ƙofar gida: hannun hagu yana bin layin kwance, na dama yana sauka layin tsaye, a ninka, a tara. Ni ce hannun damansa. Ya ɗora nasa yatsan a kan lamba biyu, nawa yana kan lamba uku. Ya ɗauki alli. Ya tsaya. Ya rubuta wata lamba, ya goge da gefen hannu. Ya rubuta wata, ya goge. Gumi ya feso masa a goshi. Ni na san amsar, ko mai tallan gyaɗa ya san ta, tana bakina, na cije. Ya ajiye allin ya jawo tarin shafukan, ya yi ta turewa da hannu ɗaya har ya kai babin farko, inda ya koya wa yara tarawa da buhunan albasa. Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya ɗago ya dube ni.

“Babu,” ya ce.

Likitan Inugu ya taɓa gaya mini ranar da ya furta sabuwar kalma in yi murna, alamar sauƙi ce. Wannan ce sabuwar kalmar da ya samu, kuma ita ce ta ƙarshe.

Ya juya fuskarsa bango. Na kawo kunu, na kawo shafuka, na ce masa Mista Obinna ya ce littafin ya yi kyau, na ce duk sauran babin nasa ne, ba wanda ya taɓa su. Bai sake duban takarda ba. Na kira Yaya Rabi na ce ta kawo ku. Ta ce kuna tsakiyar jarrabawa, da an gama za ku taho. Na ce to. Wata safiya na shiga da ruwan ɗumi zan goge masa jiki na tarar rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura bayan azahar. Yaya Sani da mutanen unguwa suka kai shi, Mista Obinna ya bi su a baya har maƙabarta ya tsaya daga waje.

Kafin in zo kan isowarku bari in gama da littafin, don na san za ku tambaya. Bayan na fita takaba na kai shi wurin masu ɗab'i a nan Anacha. Suka ce wa zai sayi lissafi da Hausa a garin nan. Na aika Kano ta hannun wani direba, aka ce sai marubucin ya zo da kansa a zauna da shi. Kwamfutar danshi ya kashe ta a daminar da ta biyo. Shafukan suna nan a ƙasan akwatina, tawadar ta fara kama juna. Ban san ko yaro ɗaya da ya taɓa koyon wani abu daga cikinsu ba. Rumfa kuma ban koma ba, Yaya Sani ya riga ya sa ɗansa a gurbina, ban ga fuskar tayar da magana ba. Nakan zauna in auna: da na bi maganar Yaya Rabi mun tafi gaba ɗaya, da ya mutu da wuri, amma da ya mutu kuna gefensa, yana kuma ganin kansa malamin lissafi. Na riƙe shi shekara guda, na kai shi har inda ya ga abin da ya rasa da idonsa. Na auna wannan fiye da yadda zan iya faɗa, ban taɓa samun ɓangaren da ya rinjaya ba.

Kun iso washegarin jana'iza da hantsi. Na je tasha da kaina, ko da yake mata sun ce bai kamata mai takaba ta fita ba. Motar ta tsaya wajen Head Bridge, cikin hayaniyar masu sauke doya. Kai Bashir ka fara saukowa, ka yi tsawo, wandonka ya ɗage. Ka durƙusa ka gaishe ni kamar yadda ake gaishe da baƙuwa, ka ce ya haƙuri, ba ka dubi idona ba. Sai Yaya Rabi ta sauko riƙe da hannunki, Nafisa. An yi miki kitso irin na can, haƙoranki biyu na gaba sun fita ban sani ba. Na tsuguna a cikin taɓo na buɗe hannu.

“Je ki mana, ga mamanki,” in ji Yaya Rabi.

Kika dube ni, kika dubi gadar, kika dubi mutane. Sannan kika koma bayanta kika kama zanenta da hannu biyu.

“Umma,” kika ce mata, “yaushe za mu koma gida?”